Batir da maganin feshi: shin sana'ar maigida ce ke kashe masa hannu?

"Assalamu alaikum Likita. Maigidana gyaran batirin mota yake yi, ya haura shekara goma a kai, yana fasa tsofaffi yana narka dalmar yana gyara kan batir da ita. Da damina kuma yana noma, shi ke yi wa gonarmu feshi, har da ta maƙwabta. Kusan wata takwas ke nan hannunsa na dama ya yi rauni, sufana na suɓuce masa, wuyan hannun ba ya ɗaguwa sosai. Ga ciwon ciki mai murɗa da rashin bahaya, ga ciwon kai da mantuwa, kuma ya zama mai saurin fushi alhali da ba haka yake ba. Tafin ƙafarsa ma yana masa zafi da dare. An sha yi masa maganin maleriya da taifod da olsa ba sauƙi, 'yan'uwansa sun ce sammu ne. Ni ke wanke masa kayan aiki. Ɗanmu mai shekara biyu da rabi har yanzu bai fara magana ba, ga ni da ciki wata huɗu. Shin aikinsa zai iya jawo wannan?"

Wa'alaikumus salam Malama, Allah Ya ba maigida lafiya, Ya sauke ki lafiya. Tambayarki ita ce ko abin da yake taɓawa yake shaƙa a wurin aiki zai iya lalata masa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Ƙwarai zai iya. Ciwon ciki mai murɗa, rashin bahaya, wuyan hannu da ya saki, mantuwa da canjin hali, duk a jikin mutumin da ya shekara goma yana narka dalma, wannan kusan siffar gubar dalma ce kamar yadda aka san ta tun da daɗewa. Ba zan iya tabbatar miki daga nesa ba, sai an duba shi an auna jininsa. Amma abin da kika zayyana ya isa a ɗauki mataki yau, kuma gaskiya hankalina ya fi tashi a kan yaron da cikin da ke jikinki fiye da shi kansa maigidan.

Yadda guba ke kai wa ga jijiya

Jijiyoyin da muke magana a kai ba na jini ba ne. Su ne waɗanda ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da laka su bazu cikin jiki, suna kai umarnin motsi suna dawo da labarin taɓi da zafi da sanyi. Kowace ɗaya kamar wayar lantarki take, akwai zaren ciki mai ɗaukar saƙo, akwai rigar waje mai kitse da ke rufe shi. Wata guba zaren take ci, wata rigar, wata kuma mahaɗar da jijiya ke miƙa saƙo ga tsoka take hargitsawa.

Abubuwa uku suka sa wannan sashe na jiki ya fi rauni. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗauka, don haka duk abin da ya tauye iskar ita ce ta fara jin jiki. Na biyu, kitse ya yi mata yawa, kuma tina (ruwan tsinka fenti) da fetur da gam da yawancin magungunan feshi cikin kitse suke narkewa. Na uku, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa idan sun mutu ba sa sake tsirowa yadda fata ko hanta ke yi. Jijiyoyin hannu da ƙafa suna iya farfaɗowa, amma a hankali, kamar milimita ɗaya a rana, shi ya sa warkewa ke cin watanni.

Ƙofofin shiga kuma uku ne: hanci, baki da fata. Mutane sun fi tsoron abin da ke da wari, alhali ƙurar dalma ba ta da wari, tururin zaiba ba shi da wari, haka ma gubar da ke cikin hayaƙin janareta.

Dalma

Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ne. Idan aka fasa shi, wancan gari mai ruwan toka ko ruwan ƙasa da ke manne a farantan ciki shi ne mafi haɗari, domin yana bushewa ya zama ƙura ya bi tufafi da gashi da ƙarƙashin farce. Dalma tana narkewa a zafin digiri 327, amma wutar gawayi da ake hurawa ko wutar gas ta wuce haka nesa, sai ta riƙa tashi a matsayin hayaƙi mai laushi wanda huhu ke zuƙewa cikin sauƙi. Ga cin abinci a gareji da hannun da aka goge da tsumma kawai, ga goro, ga taba. Kowace rana kaɗan ne ke shiga, amma jiki ba ya iya fitar da ita da sauri. A cikin jini sai ta yi kamar wata guda kafin rabinta ya ragu, wadda ta shige ƙashi kuwa tana zama shekaru masu yawa, tana ɗigowa cikin jini sannu a hankali.

Jiki yana ɗaukar dalma a matsayin sinadarin kalsiyam, wanda jijiyoyi ke amfani da shi wajen aika saƙo, sai ta shiga gurbinsa ta ɓata aikin. Tana kuma hana jiki haɗa jini, shi ya sa masu ita ke yin fari fat da kasala. A jikin babba, jijiyar motsi take fi kamawa, musamman wadda ke ɗaga wuyan hannu da yatsu, kuma hannun da aka fi aiki da shi ne ke fara saki. Ki sa shi ya miƙa hannayensa gaba, tafi na kallon ƙasa, ya ɗaga wuyan hannun sama kamar mai tsayar da mota. Idan na dama ya kasa ko ya langaɓe, abin da nake nufi ke nan. Ki kuma duba dasashinsa wurin da ya haɗu da haƙori, wasu akan ga siririn layi shuɗi-baƙi, ko da yake rashinsa ba ya wanke mutum. Ciwon cikin dalma yana da tsanani har akan ɗauka tiyata ake bukata, kuma maganin olsa ba ya taɓa shi. Ban da wannan tana jawo hawan jini da ciwon ƙoda da raguwar ƙarfin haihuwa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A 2010 aka gano mutuwar yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega, saboda duwatsun zinare masu dalma da ake kawowa cikin gida ana daka su ana niƙawa. Da farko an ɗauka maleriya ce ko sanƙarau, domin yaran jijjiga suke yi su suma. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF ne suka lura cewa maganin maleriya ba ya aiki, aka aika jini waje aka auna. A 2015 irin haka ta sake faruwa a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Wanda ya fi kusa da halinku shi ne na unguwar Thiaroye a gefen Dakar ta Senegal, inda yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, a wurin da aka daɗe ana fasa tsofaffin batura, mata suna tankaɗe ƙasar suna tsintar dalma su sayar. A duk waɗannan wurare manya ne ke aikin, ƙananan yara ne ke mutuwa.

Yaron da cikin

Yaro ƙarami yana zuƙe dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai zuƙa. Yana rarrafe a ƙasa, hannu a baki, kuma shingen da ke kare ƙwaƙwalwarsa bai gama ƙwari ba. Idan yana da ƙarancin jini ko bai samun abinci mai gina jiki, hanjinsa ya fi ɗaukarta. Rigar aikin da uba ya shigo da ita ya rungumi ɗansa, takalmin da ya taka tabarma da shi, ruwan wankin da aka zubar a tsakar gida inda yaro ke wasa, duk hanyoyi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Wanda bai kai ya sa jijjiga ba yana rage kaifin basira, yana jinkirta magana, yana sa yaro ya kasa natsuwa a makaranta, kuma wannan ragin yawanci ba ya dawowa.

Jinkirin magana a shekara biyu da rabi yana da dalilai da yawa, kuma na farkon da ake dubawa shi ne ji, don haka a gwada kunnensa. Amma yaron mai narka dalma da bai yi magana ba, wajibi ne a auna jininsa. Ke ma haka. Dalma tana ratsa mahaifa kai tsaye, kuma a lokacin ciki jiki yana ciro kalsiyam daga ƙashi don gina na jariri, sai tsohuwar dalmar da ta kwanta a ƙashin uwa ta biyo. Tana iya jawo ɓari, haihuwa kafin lokaci da hawan jinin masu ciki. Daga yau ki daina wanke masa kayan aiki. Ki faɗa wa ma'aikatan awo sana'ar mijinki, ki riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jini da na kalsiyam da za su ba ki. Idan kina sa wa yaron kwalli, ki daina, domin kwallin dutse na gargajiya yawancinsa dutsen dalma ne aka niƙa. Haka cin farar ƙasa da wasu masu ciki ke yi, a bar shi.

Feshin gona

Zafin tafin ƙafa da dare bai yi kama da aikin dalma sosai ba, domin ita a jikin babba ta fi kashe motsi fiye da ji. Wannan ne ya sa nake duban ɓangaren feshi, da wasu cututtukan da zan ambata a gaba.

Magungunan feshi ba iri ɗaya ba ne. Waɗanda suka fi taɓa jijiya su ne na kashe ƙwari na dangin oganofosfet, irin su DDVP da ke cikin Sniper da fiya-fiya, da kulofirifos da daimetowet. Idan jijiya ta aika wa tsoka saƙo, akwai sinadarin da ke share saƙon nan take don tsokar ta huta. Waɗannan magunguna shi suke ɗaurewa, sai saƙo ya yi ta zuwa ba tsayawa. Mutum ya kama zufa da dalalar miyau da hawaye, ƙwayar idonsa ta tsuke ta zama ɗan ɗigo, amai da gudawa, tsoka na rawa, ƙirji ya cika da majina. Abin da ke kisa shi ne numfashi. Wanda ya tsallake wannan kuma bai gama fita ba: bayan kwana ɗaya zuwa huɗu wuya da kafaɗa da tsokar numfashi suna iya saki, shi ya sa ba ma son a yi gaggawar sallamar irin wannan majinyaci. Wasu kuma bayan mako ɗaya zuwa uku ƙafafu ke fara zafi da sagewa, daga baya tafin ƙafa ya riƙa ja a ƙasa. A 1959 a ƙasar Maroko mutane kimanin 10,000 ne suka shanye ta wannan hanya, bayan sun ci man girki da aka gauraya da man injin jirgin sama mai sinadari na wannan dangi.

Magungunan kashe ƙwari na dangin lamda da saifametirin kuwa sukan sa fuska ta riƙa zafi da tsikari bayan feshi, amma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Maganin ciyawa na farakwat huhu da ƙoda ya fi lalatawa idan an sha, kuma bincike ya danganta daɗewa ana aiki da shi da cutar makyarkyata ta Fakinsin. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, Faransa kuma tun 2012 ta amince cewa Fakinsin cutar sana'a ce ga manoman da suka daɗe suna feshi.

Abin da muke gani a wurin masu feshi kusan iri ɗaya ne. Ta fata maganin ya fi shiga, ba ta hanci ba, kuma lokacin haɗawa ya fi lokacin fesawa haɗari, domin a nan ne ake taɓa tsantsarsa. Famfon goyo yana yoyo a gadon baya, riga ta jiƙe ta manne da fata wuni guda. Bakin famfo ya toshe a busa shi da baki. A gauraya da hannu ko a ɗanɗana a ji ko ya yi ƙarfi. A ninka awon da aka rubuta. A yi feshi da tsakar rana ana zufa, lokacin da fata ta fi zuƙa. Goshi da hammata da matsematsi sun fi tafin hannu saurin ɗauka, don haka mai fitsari a gona da hannun da bai wanke ba yana cutar kansa. Kowace kwalba tana da zanen launi a ƙasan takardarta: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ki duba kwalaben da yake amfani da su, ki ɗauki hotonsu a waya.

Idan wani ya faɗi a gona bayan feshi, a cire masa tufafi, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa, ido kuma a zuba masa ruwa na minti 15. A kwantar da shi ta gefe, a tafi asibiti da kwalbar. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa shi amai, domin abin yakan koma huhu. Allurar atrofin ita ce ke ceto, kuma a asibiti kawai ake yin ta.

Sauran sana'o'i a taƙaice

Masu walda suna shaƙar hayaƙi mai manganis, wanda idan ya taru yakan kawo sanyin motsi, sandarewar jiki da tafiya mai wuya, kuma maganin Fakinsin ba ya yi masa aiki sosai. Madarar gwangwani da suke sha bayan aiki ba ta wanke komai daga huhu. Masu ƙona zaiba don fitar da zinare suna zuƙe kusan kashi 80 cikin 100 na tururin da suka shaƙa, sai rawar hannu, kumburin dasashi, rashin barci da wata irin kunya da tsoro da saurin fushi. Wasu mayukan bilicin ma suna da zaiba. Masu fentin mota da kafintoci da masu haɗa takalma suna wuni cikin tina da gam, ga ciwon kai da jiri da mantuwa, kuma wani sinadari mai suna hekzen da ke cikin wasu gam yana kashe ƙafafu daga yatsu zuwa sama. Janareta a cikin shago ko a baranda, da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, suna fitar da kabon monoksaid, wanda ke kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Wanda aka ceto yana iya farfaɗowa garau, bayan kwanaki ko makonni ya fara ruɗewa da mantuwa. Janareta a waje ake ajiye shi, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Ƙarar injin niƙa ma jijiyar ji take kashewa: duk inda sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta kai ta ɓata kunne.

Abin da likita zai kawar tukuna

Ba duk sagewar ƙafa ba ce guba. Ciwon suga shi ne kan gaba wajen jawo zafin tafin ƙafa da dare, don haka a auna shi da safe kafin ya ci komai. Akwai ƙarancin bitamin B12, cutar ƙanjamau, ciwon ƙoda, shan giya, wasu magungunan tarin fuka, da kuturta, wadda ke zuwa da tabo mai haske a fata da ba ya jin taɓi. Wuyan hannu ma yana iya saki idan mutum ya yi barci ya danne damtse, amma wannan dare ɗaya yake zuwa ya warke cikin makonni, ba ya tafiya a hankali wata takwas. Idan kuwa rauni ya zo farat ɗaya ya haɗa da fuska ko ƙafa ko magana, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, asibiti ake nufa a take. Mutum ɗaya kuma yana iya haɗa biyu, dalma a hannu, suga a ƙafa.

Game da maganar sammu, ba na son ki shiga jayayya da dangin miji. Addu'a ba ta hana awon jini, a yi duka. Abin da nake roƙo shi ne kada a ba shi jiƙe-jiƙe da garin maganin da ba a san abin da ke ciki ba, domin ƙodarsa tana iya kasancewa ta riga ta raunana.

Awo da magani

Ku je babban asibiti, na koyarwa ko cibiyar lafiya ta tarayya, ku uku. Kalmar farko da zai faɗa wa likita ita ce: ina narka dalmar batir shekara goma, kuma ina feshi. Yawancin masu wannan cuta suna yawo daga kemis zuwa kemis ne don ba wanda ya tambaye su sana'arsu, su ma ba su faɗa ba. Ku nemi a auna dalma a jini. Ba kowane ɗakin gwaji ke yi ba, wani lokaci sai an aika jinin wani gari. Daga jijiyar jini ta hannu ake ɗiba, bayan an wanke fatar da sabulu sosai, domin ƙurar da ke kan fata tana iya ƙara adadin. A haɗa da awon yawan jini, na ƙoda, na suga da na hawan jini. Idan mai duba jini a madubin likita ya ga ɗige-ɗige shuɗɗa a cikin jajayen ƙwayoyi, wannan ma alama ce mai ƙarfi kuma ba ta da tsada.

Ana ba da sakamakon da maikrogiram a kowace desilita. Daga 5 zuwa sama, wajibi ne a nemo inda dalmar ke fitowa a toshe. Yaron da adadin dalmar jininsa ya kai 45 ana ba shi maganin da ke kamo dalma ya fitar da ita ta fitsari, irin DMSA na sha da aka yi amfani da shi a Zamfara, ko na allura idan abin ya kai ga ƙwaƙwalwa. A Zamfara adadin da ke jinin yara da yawa ya wuce 65, iyakar abin da na'urar hannu ke iya karantawa. Ga babba mai alamu irin na maigida, likita zai duba adadin da yanayin ƙoda kafin ya yanke shawara.

Wannan magani yana da iyaka, kuma gara ki sani tun yanzu. Yana rage dalmar jini, yana kwantar da ciwon ciki, yana ceton rai, amma ba ya gyara abin da ya riga ya lalace a ƙwaƙwalwa. Bayan an gama sha adadin yakan sake hawa saboda wadda ke fitowa daga ƙashi, sai an maimaita awo. Kuma ba shi da amfani ga wanda zai koma cikin ƙurar. Shi ya sa a Zamfara sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin a fara ba yara magani, har Bagega ta jira zuwa 2013. Kada ku saye shi da kanku. Hannun kuwa akwai kyakkyawan fatan ya dawo, ko duka ko mafi yawa, cikin watanni, idan ya rabu da dalma, aka sa masa abin tallafe wuyan hannu, kuma yana zuwa gashin ƙashi a asibiti.

Gyaran wurin aiki da gida

Na san ba a ce wa magidanci ya bar sana'arsa a wuce, abinci daga nan yake fitowa. Amma har sakamako ya fito, ya dakatar da fasa batir da narka dalma, da feshi. Cajin batir, sayar da sabo da gyaran wayar mota ba su da wannan haɗari. Tsofaffin batura ya sayar da su a rufe yadda suke, kada ya fasa. Mafi ingancin kariya shi ne raba mutum da gubar. Takunkumi shi ne matakin ƙarshe, kuma na yadi ko na asibiti ba ya tare hayaƙin dalma ko tururin tina, sai mai matata da ke kama fuska ruf.

Garejin a yayyafa ruwa kafin shara, kada a share shi a bushe. Kada a ci abinci, goro ko taba a inda ake aikin. Ya yanke farce, ya wanke hannu da fuska da sabulu kafin ya ci komai, ba da fetur ba. Kayan aiki da takalmi su tsaya a can, a wanke su a can cikin bokitinsu daban, ya yi wanka kafin ya taɓa yaro. Almajirai da yaran da ke koyon aiki a wurin su ma a auna su.

A gida, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke tabarmi da zannuwa, kuma wani ne zai yi, ba ke ba. Idan ya taɓa fasa batir ko narka dalma a tsakar gida, a kankare saman ƙasar wurin kamar tsawon yatsa, a binne ta nesa da rijiya, a zuba sabuwa ko a yi daɓen siminti. Kada a yi amfani da kwankon batir wajen zuba ruwa, abincin kaji ko shuka. A riƙa wanke wa yaro hannu kafin cin abinci, a ba shi wake, ƙwai, kifi, zogale, nono da lemo, domin cikin da ya ƙoshi da ƙarfen jini da kalsiyam bai cika zuƙar dalma ba.

Idan lafiya ta samu zai koma feshi, ya sa doguwar riga da wando, takalmin roba, safar hannu ta roba mai kauri da hula. Ya gyara yoyon famfo, ya sa leda tsakanin bayansa da tankin, ya bi awon da aka rubuta, ya gauraya da sanda, ya buɗe toshewa da tsinke. Feshi da sassafe ko da yamma, iska na kaɗa maganin nesa da shi, sannan wanka da sabulu nan take. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a zuba ruwan cikin tanki, a huda ta don kada wani ya zuba mai ko ruwan sha. Wake kuma a adana shi a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga, ba sai an zuba masa fiya-fiya ba.

Kafin ranar zuwa asibiti, idan yaron ya fara amai ba dalili, ko yawan barci, ko tangaɗi, ko jijjiga, ko maigida ya ruɗe ko ciwon kai ya tsananta, kada ku jira sakamakon komai, ku tafi sashen gaggawa a daren, ku ce ana zargin gubar dalma.